Taurarin da Ba Nata Ba

Litinin, 20 ga Afrilu, bayan la'asar

Abdulbaƙi, mijin 'yar Mashi, ya zo da hantsi. Ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa, ya ajiye wani littafi mai baƙin bango a gefen tabarmata. Wai kundinta ne na digiri na biyu, za ta kare shi a jami'arsu tsakiyar watan gobe, wai a sa albarka. Na ce Allah ya sa albarka. Me zan ce?

'Yar Mashi 'yata ce ta fari. Ranar da aka yaye ta Yaya Hadiyya ta goya ta zuwa Mashi, can ta girma. Ban taɓa kiran sunanta ba, uwarta Talatu ma haka. Abin da muka tarar a gidanmu ke nan, haka ubanmu ya yi wa Yaya har ya koma ga Allah. Idan ta zo gaishe ni takan durƙusa daga nesa, in amsa ina kallon bango. Ko a wannan littafin hannuna ba ya yarda ya rubuta sunan.

Bayan ya tafi na ɗauko gilashin ƙara girman rubutu na duba bangon kundin. Ƙiyasin nauyin wani curin taurari. Sai da na tashi na sha ruwa.

Aikina ke nan. Saboda shi na yi shekaru a ƙasar sanyi ina cin dankali ba gishiri. Na dawo aka ce za a gina mana ɗakin duba taurari, aka yanka sa, aka aza tubali ɗaya, aka yi jawabi. Har yau tubalin na nan, awaki na hawa. Ni kuma aka tura ni Baure, daga nan Dutsi, ina zana wa yara hoton kayan gwaji a allo saboda babu kayan. Yanzu sai a kawo mini baƙin littafi in sa albarka.

Ba ruwana. Ba zan karanta ba.

Talata, 21 ga Afrilu, da hantsi

Na karanta babi biyu. Rubutun ƙanana ne, tawadar kuma ba ta kama ba. Masu buga takardu na yanzu duk ɓarayi ne.

Laraba, 22 ga Afrilu, bayan azahar

Tana da hankali, wannan ba zan hana ta ba. Ta bayyana hanyar yadda ya kamata. Curi taurari ne dubbai da suka dunƙule wuri guda kamar curin fura, kowanne na zagaya cikin 'yan uwansa, nauyinsu gaba ɗaya ne ke riƙe su kada su watse. Ba sikelin da za a aza su a kai. Sai dai a auna yadda gudunsu ya bambanta, a auna faɗin curin, a haɗa. In taurarin na kai da komo da sauri amma ba su tsere ba, to abin da ke riƙe da su mai nauyi ne. Gudun kuma sau kansa ake yi a lissafin. Ka yi kuskure ka ninka gudu biyu, nauyi ya ninku huɗu. Wannan tun ina saurayi na san shi kamar sunana.

Da yamma a majalisar ƙofar masallaci Mainasara ya ce, "Farfesan sama, an ce 'yarka ta gaje ka. To ku da ke auna taurari, buhun geron nan nawa ne nauyinsa?" Suka yi ta dariya. Na ce ya tambayi jakinsa, shi ke ɗauka. Shekara nawa ke nan ana wannan wasan, ba ya tsufa a wurinsu.

Bayan isha'i na fito da madubin hangen nesana in duba babban curin nan na kudu, lokacinsa ne. Ban gan shi ba. Fitilar solar da kansila ya dasa a ƙofar gidana ta cinye sama. Ba wanda ya tambaye ni. An zo an dasa, an ɗauki hoto, an tafi.

Alhamis, 23 ga Afrilu, da safe

Babi na huɗu.

Ta ce curin nata, wani ɗan ƙarami ne da ke gefen farin kogin taurarin nan mai ratsa sama, ya kai nauyin rana sau dubu ɗari takwas. Ta ce hasken da yake bayarwa bai kai na wannan nauyin ba, saboda haka akwai baƙin rami a tsakiyarsa, irin wanda ke haɗiye haske. Dubu ɗari takwas! Curin da in ya yi ƙoƙari ya kai dubu ɗari biyu.

Na duba zanen da ta sa. Ta yi wa taurari masu saurin gudu jan ɗigo. Na sa gilashi, na fita rana, na dawo inuwar dalbejiya, na sake fita. Jajayen ba a tsakiya suke ba. A baki-baki suke, kuma sun fi yawa ta ɓangaren da ke kallon farin kogin. In da akwai rami a tsakiya, a tsakiya za a ga masu gudu. Waɗannan ba 'yan curin ba ne. 'Yan hanya ne, sun gifta tsakaninmu da shi, ta kwashe su ta zuba a lissafi.

Wane ne ya duba mata wannan aikin? Sunansa na nan a shafin farko, Dokta Jafaru. Ya sa hannu. Da idonsa biyu lafiya lau ya sa hannu.

Alhamis ɗin dai, bayan magariba

Baƙon farfesan da za a kawo ya jarraba ta, in ya san aikinsa, kafin ya gama shan ruwa zai gani. A gaban mutane. In bai san aikinsa ba kuma ta wuce, ta ɗauki ƙarya a ka ta kai ta duniya. Ban san wanda ya fi muni ba.

Juma'a, 24 ga Afrilu

Ba ruwana.

Asabar, 25 ga Afrilu, da hantsi

Na sami Talatu tana tsince wake. Na ce akwai gyara a littafin nan, ya kamata a kira a faɗa.

Ta ce, "To a kira."

Na ce ita za ta kira.

Ta ajiye faifan. "Malam, ni ce zan ɗauki waya in kira ta? Ka taɓa ji?"

"Ke ce uwarta."

"Ai shi ya sa. Kai da ka je Turai ka kira mana."

Na ce Turai ba ta canza mini uba ba. Ta ce to ita ma ba ta canza mata uwa ba, tun da ko Kano sai da ciwo take zuwa. Ta ci gaba da wakenta. Sannan ta ce, ba ta ɗago kai ba, "Ka je wurin likitan kuwa? Jiya ka zuba ruwan buta a gefen ƙafarka."

Butar ce ta tsage.

Litinin, 27 ga Afrilu, bayan isha'i

Na je Mashi. Motar ta cika da masu zuwa cin kasuwar Nijar, wani ya aza mini jarkar manja a gwiwa har muka isa.

Yaya Hadiyya ta tsufa, amma bakin na nan. Ta ce, "Sada, wa ya mutu ka zo ba sallah ba?" Na zauna na yi mata bayani yadda za ta iya ɗauka. Na ce ta ɗauka mutum ya kai garkensa kara, ana son a san ƙarfin makiyayin da ke riƙe da su, sai a duba yadda shanun ke zirga-zirga ba su ɓalle ba. Ana cikin haka shanun wasu suka ratso da gudu za su rafi. Wanda ya lissafa da su zai ce makiyayin nan ƙato ne, alhali ba nasa ba ne, wucewa suke yi.

Ta ce ta gane sarai. Ta kira 'yar Mashi.

Ina zaune ina ji. Gaisuwa, lafiyar yara, zafin gari, wa ya haihu, wa ya yi ɓari. Can ta ce, "Ga ubanki nan ya zo. Ya ce aikinki ya yi kyau ƙwarai, Allah ya yi albarka. Ya ce dai ki ɗan duba, kamar akwai shanun mutane a ciki."

Ban ce ya yi kyau ƙwarai ba! Ban faɗa ba.

Na ji muryarta ƙasa-ƙasa daga wayar, "Goggo, waɗanne shanu? Ba shi wayar mana."

Yaya ta miƙo. Na dubi wayar. Na girgiza kai. Ta ce, "Ya fita alwala," ta kashe.

Sannan ta juyo kaina. "Kai dai Sada ba ka canza ba. Ka tuna tana ƙarama, ka zo nan da madubin nan naka ka aza a katanga, ka yi ta ɗaga murya kana koya mini taurari? Ni! Ni da ko Kaza da 'ya'yanta sai an nuna mini. Ita kuwa tana maƙale a bayan rumbu tana haɗiye kowace kalma. Kana tsammanin ban san da wa kake ba?"

Na ce zan makara mota.

Talata, 28 ga Afrilu

Shanun mutane. Abin da ya isa gare ta ke nan daga karatun da na yi. Shanun mutane.

Alhamis, 30 ga Afrilu, da yamma

Na je asibitin Katsina. Layi tun safe. Yarinyar da ba ta kai 'yar Mashi ba ta haska mini fitila, ta sa na karanta haruffan bango, ta faɗi abin da ta faɗa. Ba zan rubuta shi ba. Sun iya tsorata mutane.

Talatu ta tambaya, na ce sun ce in rage shan rana.

Asabar, 2 ga Mayu, da hantsi

Na karɓi lambar Dokta Jafaru a wurin Abdulbaƙi, na ce gaisuwa zan yi masa. Shi ba ɗana ba ne, ba kunya tsakaninmu.

Na gabatar da kaina. Na faɗi inda na yi karatu da wanda na yi a hannunsa. Ya ce, "Ma sha Allah, Baba, ma sha Allah," irin yadda ake ce wa tsohon da ya ce ya taɓa kokawa da kura. Na ce masa jajayen ɗigon a baki suke ba a tsakiya ba. Na ce a tace su, a duba ko tafiyarsu ɗaya da ta curin. Ya ce, "Baba, ai zamani ya wuce nan. Yanzu kwamfuta ke tacewa, ba a yi da hannu."

Na ce kwamfutar wa ya gaya mata iyakar da za ta tace?

Ya ce an riga an aika da taƙaitaccen sakamakon wani taro a ƙasar waje, an karɓa, shi da ita za su je. Ya ce wannan abin alfahari ne ga Arewa baki ɗaya, bai kamata a samu na gida yana jan ƙafa ba. Na gida! Na ce masa Arewa ba ta rasa ramuka ba da zai je sama ya haƙo mata wani. Na faɗi wasu maganganun kuma. Ya kashe.

Na san irinsu. Irinsu ne suka yanka san nan suka aza tubali.

Lahadi, 3 ga Mayu

Zafi. Ko tsuntsu ba ya motsi. Ba wuta tun shekaranjiya, amma fitilar kansila ita ba ta gajiya.

Talata, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Abdulbaƙi ya dawo. Ya daɗe a durƙushe yana murza hularsa. Yaro ne mai ladabi, shi ya sa maganar ta fi zafi.

Ya ce, "Baba, Dokta ya kira ta ofis. Ya ce in gidansu ne za su duba mata aiki, to ya cire hannunsa, ta nemi wani. In ya cire kuwa, Baba, sai baɗi, ko ma a ce ta sake daga farko."

Na ce sai me?

"Ta kwana biyu ba ta cin abinci. Ta ce in tambaya, in akwai abin da Baba ya gani, a rubuto mata."

A rubuto. Na ce na ji. Na ce ya gaishe da yara.

Ni na ɓata, ke nan. Wanda ya sa hannu a kan shirme yana ofis da fanka, ni da na gani ni ne mai jan ƙafa. Haka ƙasar nan take tun ina da baƙin gashi.

Laraba, 6 ga Mayu, da safe

Zan rubuta mata. Amma ba zan aika da magana ba lissafi ba, kada wancan ya ce tsoho ne ke surutu. Gudun kowane tauraro na nan a ƙarshen kundin. Zan cire na bakin, in sake lissafin da hannu, in ga abin da ya rage.

Laraba, bayan azahar

Uku da takwas duk ɗaya suke a wannan bugun. Layukan suna hawa kan juna. Na fara sau uku.

Alhamis, 7 ga Mayu

Na jefar da gilashin, ya faɗa bayan randa. Talatu ta ɗauko ta goge ta ajiye, ba ta ce komai ba. Da ta yi magana ma da ya fi.

Asabar, 9 ga Mayu, da yamma

Yau Talatu ta jawo kujerarta ta zauna kusa da tabarmata, ta ɗauki kundin. Ta ce, "Ina ne wurin?" Na nuna mata. Ajin yaƙi da jahilci ta yi, amma lamba ba ta gagare ta. Tana karantawa ina rubutawa da manyan baƙaƙe a bayan tsohuwar kalanda.

Ta karanta wani, na ce wannan ɗan hanya ne, tsallake. Ta ce, "Kai ka san shi ne?" Na ce gudunsa ya nuna. Ta ce, "Allah sarki, yana tafiyarsa an sa shi a rigimar da ba tasa ba."

Muka kai la'asar. Da na cire su, bambancin gudun ya sauko rabi. Nauyin ya dawo wajen dubu ɗari biyu. Ba rami. Curi ne kamar kowane curi, tsoho, yana zaman lafiyarsa.

Talatu ta rufe littafin ta shafa bangon da tafin hannu. Ta ce, "Duk ita ta rubuta wannan?" Na ce ita. Ta ce, "Masu abin sun yi ƙoƙari." Ta tashi da sauri wai tuwonta zai kama. Ba ta ɗora tukunya ba tukuna.

Lahadi, 10 ga Mayu, da hantsi

Na zauna in mayar da lissafin a takarda mai kyau. Na rubuta shafi guda, na ba Talatu ta duba. Ta juya shi sama, ta juya ƙasa. Ta ce, "Malam, layi uku ka rubuta a kan juna."

Littafin nan ma na san haka yake. Ba don kowa nake rubuta shi ba.

Litinin, 11 ga Mayu, bayan isha'i

Hadarin farko. Iska ta zo da magariba ta kwashe kwanon rufin ɗakin Mainasara, ta karya reshen dalbejiya, ta kayar da fitilar kansila. Ruwan bai fi yayyafi ba, sama ta washe. Unguwa duhu ƙirin, irin wanda na daɗe ina roƙo.

Na fito da madubin. Na san inda babban curin nan na kudu yake, ko a mafarki na san inda yake. Na jingina da katanga, na daidaita, na goge gilasan, na sake daidaitawa.

Ban gan shi ba. Ba fitilar ba ce.

Talata, 12 ga Mayu

Ban fita masallaci ba. Na ce ƙafata ce.

Laraba, 13 ga Mayu

Litinin za ta kare. Kalandar na nan a ƙarƙashin tabarma. Ba ruwana, ba ruwana, ba ruwana.

Alhamis, 14 ga Mayu, bayan magariba

Ta zo.

Ban san wa ya kira ta ba. Talatu ta rantse ba ita ba ce, kuma na yarda, sai dai na ji ta jiya tana waya da Yaya a bayan ɗaki.

Bayan la'asar na ji sallama. Ta durƙusa daga bakin rariya ta gaishe ni, na amsa ina kallon bango. Ta zauna a ƙofar ɗakin uwarta da kwamfutarta a cinya. Ni ina ƙofar turakata. Talatu na tsakiya da faifanta, ita ma ta ba ta gefe. Mutum uku a tsakar gida ɗaya, kowa na kallon wani wuri.

Na ce, "Talatu, a gaya wa masu kundi, masu gudun nan ba 'yan curin ba ne."

Talatu ta ce, "Ni kuma wa zan gaya wa?"

Sai ita ta ce, "Inna, a tambayi Baba, ta yaya za a tabbatar, tun da Dokta zai ce zato ne."

Na ce, "Talatu, a ce su duba inda suka taru. In rami ne, tsakiya. A kuma duba tafiyarsu a faɗin sama, ai yanzu an auna wannan, ba kamar zamaninmu ba. 'Yan curi tare suke tafiya kamar ayari. Wanda ya nufi wani wuri ba nasu ba ne."

Na ji tana danne-danne. Talatu na tsince waken da ta riga ta tsince. Can ta ce, "Inna, na zana su da tafiyar tasu. A ce wa Baba ya duba." Ta taso, ta ajiye kwamfutar a gabana, ta ja da baya.

Haske ne kawai. Fari, da wani hazo-hazo a tsakiya. Na san abin da ya kamata ya kasance a wurin, sai na miƙa yatsa na ce ga su nan, sun ware gefe.

Ashe ba kan zanen na nuna ba. Hoton 'ya'yanta ne a gefen allon.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Ba Inna ta ce ba. Ni ta tambaya.

Ta matso har ina jin ƙamshin turarenta, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta ce, "Baba, tun bara na ga ɗigon nan. Na gaya wa Dokta, ya ce kwamfuta ba ta kuskure, ya ce ni ɗaliba ce. Na yi ta neman wanda zan tambaya. Duk ƙasar nan mutum ɗaya na sani da ya taɓa yin wannan aikin da hannunsa, shi kuma bango yake kallo."

Ubana bai taɓa kiran Yaya ba. Kakana bai kira nasa ba. Ban ce sun yi kuskure ba, har yanzu ban ce ba. Amma su ba su da curin da za a auna kafin Litinin.

Na ce, "Murjanatu, karanta mini abin da ya fito."

Faifan Talatu ya faɗi, wake ya watse. Ta shige ɗaki.

Murjanatu ta karanta. Dubu ɗari biyu da 'yan kai. Na jawo kalandar daga ƙarƙashin tabarma na miƙa mata. Ta duba ta ce, "Baba, da hannu?" Na ce da hannu, da bakin uwarki.

Muka zauna har aka kira magariba. Ta yi tambaya, na amsa. Na yi tambaya, ta gyara mini wuri biyu, kuma ita ce da gaskiya. Abubuwa da yawa sun canza tun bayan da na bari. Ba wanda ya gaya mini.

Asabar, 16 ga Mayu

Murjanatu ta kira Dokta Jafaru ta faɗa masa ba za ta kare da tsohon lissafin ba. Na ji ihunsa daga inda nake zaune.

Litinin, 18 ga Mayu, da hantsi

Yau ce ranar. Ba a yi ba. Ya cire hannunsa kamar yadda ya ce. An ɗage sai an naɗa mata wani, watakila bayan damina, watakila baɗi. Tafiyar ƙasar waje ta rushe. Shi yana nan a ofis, fanka na juyawa, gobe zai sami wata ɗalibar da wani ramin.

Na zazzage wa Mainasara duk wannan a ƙofar masallaci, ya ce, "To Farfesa, yanzu tauraron ya rame ke nan?" Na ce ya rame. Ya ce Allah ya ba shi lafiya. Wawa.

Yaya ta kira, wai ta ji na yi abin kunya a tsakar gida. Na ce na yi. Ta ce, "Ka makara," ta kashe.

Laraba, 20 ga Mayu, bayan isha'i

Murjanatu ta karɓi takardar asibitin daga hannun Talatu ta karanta. Ta yi waya Kano. Mako mai zuwa za a yi aikin idon dama. Sun ce watakila a ceto shi, na hagun ba su yi alkawari ba. Ban roƙe ta ba. Na ce mata likitocin nan duk 'yan tsoratarwa ne, ta ce to, ta ci gaba da shirya mini jaka.

Ma'aikata sun zo da rana sun tayar da fitilar kansila. Sun ɗauki hoto.

Saboda haka da muka idar da sallah Abdulbaƙi ya fitar da mu a mota ta hanyar Baure, har inda gonaki suka fara. Ƙasa na ƙamshin ruwan shekaranjiya. Na ba ta madubin, na kama kafaɗarta na juya ta kudu, na ce ta ɗaga kaɗan daga saman bishiyoyi.

Ta daɗe. Ashe duk shekarun nan a kwamfuta take ganinsu, ba ta taɓa ganin ko ɗaya da idonta ba tun tana bayan rumbu. Wannan ita ce jami'ar.

Ta ce, "Na gan shi, Baba."

Na ce yaya yake?

"Kamar curin fura da aka barbaɗa wa gari."

Na ce ƙarya ne, ya fi haka kyau, ta sake dubawa da kyau ta gaya mini. Ta sake dubawa. Na tsaya ina riƙe da kafaɗarta, tana faɗa ina gyara mata.